Teburin Bakin Ƙofa

Akwai wata malama mai suna Burul a wani ƙauye can cikin duwatsun Narin, wani yanki mai tsananin sanyi a wata ƙasa mai nisa. Mace ce mai ƙwazo, amma fa idan ta yanke shawara, sai dai ka gaji ka ƙyale ta.

Wata rana aka kawo mata sabuwar ɗaliba, Ayturgan, 'yar shekara takwas, a kan keken guragu. Teburan ajin a jere suke, a matse, ko mai ƙafa sai ya karkace yake wucewa. Burul ba ta tambayi kowa ba, ta janyo tebur ɗaya ta ajiye wa yarinyar a bakin ƙofa. Shiga da sauƙi, fita da sauƙi. Har yaba wa kanta ta yi.

Ba a jima ba yarinyar ta daina zuwa.

Burul ta tafi gidansu a fusace. Kakar yarinyar, tsohuwa Kalbubu, ta tarbe ta, ta wuce da ita can ƙuryar ɗaki nesa da ƙofa, inda ake zaunar da baƙo mai daraja. Ta zuba mata shayi da madara, ta gutsura mata gurasa.

"Inna, me ya sa kuka hana ta zuwa? Ni da na ware mata wuri na musamman!"

"Na musamman?" in ji tsohuwar. "Na leƙa ta taga na gani da idona. Jikata a bakin ƙofa, kusa da takalma! 'Yar nan, ba a garin nan aka haife ki ba? Wa ake zaunarwa a bakin ƙofa?"

Burul ta sani sarai. Ɗan aike ne ke tsayawa nan, ya faɗi saƙo ya juya.

"Ai saboda keken ne, Inna."

"To, ki je ki koyar da keken. Ita kam tana gida."

Sai ga muryar Ayturgan daga bayan labule, a hankali: "Malama, yara mai gadi suke ce mini. Kowa ya shigo sai ya ce, mai gadi, rufe ƙofa, sanyi."

Kunya ta kama Burul, ta ajiye kofin shayin. Ita ce ta sa wa yarinyar wannan suna ba tare da ta buɗe baki ba, kuma ga shi karatun yarinya zai salwanta a kan tebur ɗaya.

Washegari ita da ɗalibanta suka janye teburan nan kaf, suka jera su jikin bango suna kallon juna, kamar yadda ake zama a tantin makiyayan yankin. Tsakiya ta zama fili. Suka sauko da allo ƙasa kaɗan, suka ɗora katako a dokin ƙofa don keke ya hau.

Shugaban makaranta ya leƙo ya riƙe baki. "Malama, aji ne wannan ko walima?"

"Aji ne, ranka ya daɗe. Shigo, yau akwai hanya."

Abin mamaki, wani yaro Temir da ake ta yi wa faɗa wai ba ya sauraro, ranar ya fara ba da amsa. Ashe kunnensa ne da nauyi, yanzu kuwa yana ganin bakin kowa.

Burul ta koma wurin tsohuwa. "Inna, ki zo da ita sau ɗaya. In bai yi miki ba, ba zan ƙara damun ki ba."

Tsohuwa ta zo tana tura keken, fuska a murtuke. Suna shiga, Ayturgan ta murza ƙafafun keken da hannunta, ta ratsa tsakiyar ajin ba ta taɓa komai ba, ta tsaya can ƙurya tsakanin 'yan mata biyu da suka matsa mata. Ɗayar ta miƙo mata littafi.

Burul ta ɗauko kujera. "Inna, bismillah, wuce ciki. Wurinki ne."

Tsohuwa ta karɓi kujerar, ta dasa ta a bakin ƙofa, ta zauna tana share ido da gefen ɗankwali.

"Bar ni nan, Malama. Daga nan na fi ganin ta."

Darasi: Buɗe wa yaro ƙofar makaranta bai isa ba, sai an duba inda aka zaunar da shi. Kafin ka shirya wa mai naƙasa wuri, tambaye shi, tambayi iyayensa. Ku tura wa duk malamin da kuka sani wannan labari, wataƙila akwai wani yaro a bakin ƙofar ajinsa.