Goron Asabar

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba, kuma mutumin yana da dangi a unguwarmu. Amma abin ya ƙi barin zuciyata.

An yi wani mutum a unguwar Nima, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, kuku a gidan wani Bature mai shigo da giyar inabi ta jirgin ruwa. Allah ya ba shi murya, har in ladan ya yi tafiya shi ake sawa ya kira salla. Ya kuma ba shi harshe. In ya ɗanɗana miya, zai gaya maka abin da aka manta ba a sa ba.

Baturen ya gano haka. Duk Asabar, in baƙi sun zo cin abincin rana, sai ya naɗe kwalabe da tsumma don kada a ga rubutun jikinsu, ya zuba jar giya a ƙananan kofuna, ya kira kukun. Da fari shinshinawa kawai yake yi. Daga baya ya fara kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a tasa, ya ce wannan ta Faransa ce, mai ɗaure harshen nan ta Italiya, mai nauyin ta Aljeriya. A kwance tsumma, a tarar haka ne. Turawa su yi ta tafi, kansa ya yi ta kumbura.

Ya 'yan uwa, da me ya rarrashi zuciyarsa? Cewa ya yi ai bai haɗiye ba.

Sai dai jar giya tana rina harshe. Don haka kafin ya shigo unguwa yakan biya Kasuwar Malam Atta ya sayi jan goro, ya tauna har ja ya rufe ja. Matarsa Sabuwa ta yi mamaki, don ta san shi ba mai cin goro ba ne. Sumaila mahauci kuwa, da ke tsayawa kusa da shi a sahu, sai da ya tanka.

"Malam kuku," in ji shi, "goron nan naka ya san ranaku ne? Ban taɓa ganinsa ranar Talata ba."

Kukun ya yi dariya ya ce aikin Asabar ne ke sa shi gyangyaɗi.

Ana nan tsufa ya kwantar da ladan. Dattawa suka ce a ba kuku ladanci dungum. Babu abin da yake so a duniya kamar wannan. Sumaila ya ce a dai bari azumi ya wuce.

Asabar ta biyu cikin azumi sabon kaya ya sauka, baƙi suka cika gidan. Kukun ya ce yana azumi. Baturen ya ce ai tofarwa yake yi. Shaiɗan ya ƙara masa da cewa mace mai azumi ma tana ɗanɗana gishirin miya ta tofar. Kukun ya kurɓi kofi shida, ya faɗi shida daidai.

A hanya ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗin goro, sai ya tuna. Wa ke cin goro da rana cikin azumi? Ya kurkure baki a famfo, ya goge da hannun riga, rinin bai fita ba. Ga la'asar ta yi, jama'a na jiransa.

Ya tsaya a ƙofar masallaci, ya sa yatsu a kunne, ya buɗe baki. Sumaila na zaune a gabansa, ya ɗaga kai, ya ga jan harshen. Ya bari har ya gama, sannan ya ce a hankali, "Yau kuma wane goro ne?"

Kukun bai sake kiran salla ba. Sabuwa ta koma gidan iyayenta a unguwar Maamobi. Da ya ga babu sauran abin ɓoyewa, sai ya daina tofarwa. Harshen ya dushe, ya fara kiran ta Italiya ta Faransa, Turawa suka yi masa dariya, Baturen ya sallame shi. Yanzu a bayan garejin Abossey Okai ake ganinsa, yana shan akpeteshi, barasar gida mai arha, yana gaya wa makanikai sunayen ƙasashe.

Ya 'yan uwa, zunubin da sai ka saya masa murfi, ka riga ka san zunubi ne. Kuma kowane murfi yana da ranar da ba zai rufu ba. Allah ya kiyaye mu, ya tsare mana harsunanmu, amin.

Yayana Jamiu ma kuku ne a gidan Turawa, kuma kwanan nan ya fara cin goro. Washegarin ranar da na gama rubutun nan, da safe yana ɗaure takalmi, na ajiye kunya na miƙa masa takardar. Na tsaya a bakin ƙofa har ya karanta.