Mitfan Turai da Tukunyar Yashi

Ƙawata, matso ki ji labarin Turai, matar Datti akawu, da suka zauna a Doka shekarun da firji ya fara shiga gidajen ma'aikata. Turai mace ce mai fara'a da kyauta. Aibinta ɗaya ne, bakinta ba ya iya cewa "ban sani ba."

Da aka yi wa Datti ƙarin girma, sai ta shirya wa matan abokan aikinsa liyafa. Ta ce mitfai za ta ba su, fulawar nan da ake naɗe nama da dankali a ciki a gasa. Maƙwabciyarta Hansai, wadda mijinta ya daɗe yana kuku, ita ta koya mata. Saura kwana uku suka gasa sittin a tukunyar yashi bisa gawayi, Turai ta jera su a gidan ƙanƙara na sabon firjinta.

Hansai ta ce, "Ranar ki kira ni. Ɗumamensa yana da ka'ida."

Turai ta yi dariya. "Haba Yaya, ɗumame? Abin da nake yi wa tuwo kullum?"

Gaskiyar kuwa, ta riga ta gaya wa matan nan aikin hannunta ne ita kaɗai, ba ta so su tarar da Hansai a kicin.

Ranar, bayan la'asar, falo ya cika. Turai ta kwaso mitfai a daskare, ta antaya su cikin tafasasshen mai. Nan da nan suka yi ja, gwanin sha'awa. Ta ɗauki tire za ta wuce, sai surukarta Inna Kaltume, da ke jan carbi a tsakar gida, ta ce, "Kin fid da na maƙwabta?"

"Inna, baƙi na jira."

"Su jira. A gidan ɗana ba a fara ci maƙwabci yana shaƙar ƙamshi."

Turai ta miƙa wa Hansai huɗu ta katanga, ranta ba ya so. Ba ta gama gyara ɗaurin ɗankwali ba sai ga Hansai ta ƙofar baya, tukunyar yashi a ka, rabin mitfai a hannu.

"Ciji nan, ƙanwata."

Turai ta ciza. Haƙorinta ya ci karo da ƙanƙara, sanyi ya ratsa mata har ka.

"Mitfai kika yi, ko askirim?" Hansai ta sauke tukunya. "Je ki ba su lemo, ki ja su da hira. Wuta kaɗan-kaɗan yake so, har zafi ya kai ciki."

Hansai ta zauna tana fifita gawayi, tana soka wuƙa cikin kowanne ta taɓa a leɓe. Kafin magariba aka ci aka suɗe yatsu. Matar shugaban ofis ta ce, "Turai, duk ke kaɗai?"

Turai ta hango Hansai ta taga, ta aza tukunya za ta sulale. Ta fita ta riƙo hannunta har tsakiyar falo, da tokarta da komai.

"Ga malamata. Ni ko ɗumame ban iya ba."

Darasin nan a fili yake. Tambaya ba ta rage darajar kowa, ɓoye wanda ya koya maka shi ke jawo kunya. Kuma haƙƙin maƙwabci da Turai ta so tsallakewa, da shi Allah ya rufa mata asiri. Amma don Allah, ƙawata, ki bar shi tsakaninmu. Har yau in Hansai ta ce "askirim," Turai mayafi take ja ta rufe fuska.