Kwamfuta Mai Neman Hannu Uku

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa buga kati. In za a ɗaura aure, ko a raɗa suna, ko a yi jana'izar dattijo, wurinsa ake zuwa, gama ba wanda ya kai shi iya zana fure a gefen takarda. Ana kiransa Baban Keziya, saboda 'yarsa ta fari. Matarsa kuwa sunanta Damaris, amma ya daɗe bai kira ta da shi ba.

Mutumin nan yana da wata tsohuwar kwamfuta da suka saya tun Keziya tana firamare. A cikinta akwai manhajar zane ta halal, wadda ya saya da lasisinta daga hannun masu ita, yakan kuma faɗa wa mutane haka ko ba su tambaya ba. Lasisin nan shi ne izinin aiki da manhajar, a kwamfuta ɗaya kaɗai kuma yake zama.

To, da tsufa ya kama kwamfutar, sai ta koyi wani hali. Ba ta tashi sai an danne madanninta da hannu ɗaya, an matse murfin gefenta da ɗaya hannun, a daidai lokacin kuma wani ya cusa waya a bango. Hannu uku take nema, Allah kuwa biyu ya ba mutum. Saboda haka kowace safiya Damaris takan raka mijinta shago. Shi ya rungume kwamfuta, ita ta durƙusa wajen soket, ya ce, "To," ta cusa. Sa'an nan ta zauna a kujerarta tana karanta masa sunayen ango da amarya, don kada a sa wa 'yar mutane sunan da ba nata ba.

Ana nan sai aka sa ranar auren Keziya. Mutumin ya ce katin 'yarsa ba zai fito daga tsohon inji ba, ya je birni ya sayo sabuwar kwamfuta, siririya, mai tashi da yatsa ɗaya. Ya kira maƙwabta shago, ya sayi lemo, Damaris ta soya cincin. Ana cikin ci sai wani ya tambaye shi yadda zai yi da tsohuwar.

Ya ce, "A kai ta gida wajen 'yar'uwarta, uwar Keziya. Ga jinkiri, ga gunaguni da safe. Su zauna su ɗebe wa juna kewa."

Mutane suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, har da buga cinya. Damaris tana tsaye da faranti a hannu. Ta gama raba cincin, ta naɗa gammo, ta ɗora tsohuwar kwamfuta a kai, ta tafi da ita gida. Ta ajiye ta a ɗakinta, ta rufe ta da zane mai kyau.

Daga ranar nan tuwo yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka yana zuwa da zafinsa, magana ce dai ba ta zuwa. Mutumin ya lura, amma ya ce a ransa zai wuce, kamar mura.

Da ya zauna zai zana katin 'yarsa, ya sa manhajar a sabuwar kwamfuta, ya rubuta lambar lasisinsa. Sai rubutu ya fito a fuskar kwamfutar cewa lasisin nan yana ɗaure a wata na'ura. Ya sake rubuta lambar a hankali, rubutun ya dawo. Ya sake rubutawa da ƙarfi, kamar mai sussukar dawa, rubutun ya dawo. Ya kashe ya kunna. Ya yi mata magana mai daɗi, ya yi mata tsawa, har ya tuna mata kuɗin motar da ya biya ya ɗauko ta. Kwamfutar ba ta canza bakinta ba.

Ga shi kuwa lokaci ya ƙure. Ranar kasuwa ce motar ƙauyensu take zuwa, ita ce za ta kai wa dangi kati. Danginsa kuwa irin mutanen nan ne da ko ka gaya musu da baki sau goma, in ba su riƙe kati a hannu ba, za su ce ba a gayyace su ba, su kuma riƙe maganar har jikoki. Akwai wani mai buga kati a bakin tasha, amma mutumin ya gwammace ya sha maɗaci da a ce katin 'yar Baban Keziya a shagon wani aka buga shi.

Sai ya kira masu manhajar a waya. Wata mata mai sanyin murya ta saurare shi har ya gama ƙorafi, sa'an nan ta ce masa ba sai ya sake saye ba, lasisin nasa ne har yanzu. Abin da ya rage shi ne ya koma ga tsohuwar kwamfuta, ya kunna ta, ya shiga manhajar, ya danna inda aka rubuta a saki lasisi. Da zarar ta sake shi, sabuwar za ta karɓa.

Ya tambaya ko ba za su iya kwance shi daga can inda suke ba. Ta ce sukan yi haka in tsohuwar ta mutu ko an sace ta. Ta ce, "Ta mutu ne, Baba?"

Ƙarya ta zo har bakinsa, sai ya tuna shi dattijon ikkilisiya ne, ranar Lahadi ma shi zai raba jibin Ubangiji.

Ya ce, "Ba ta mutu ba. Tana hannun da ya fi ƙarfina."

Da ya koma gida ya kira Keziya gefe, ya roƙe ta ta ara masa hannu ɗaya in uwarta ta fita. Keziya ta sunkuyar da kai da ladabi, ta ce ita amarya ce, an kuma gargaɗe ta a wajen koyarwar aure kada ta shiga tsakanin miji da mata.

Saboda haka da yamma, da Damaris ta tafi taron Zumuntar Mata, mutumin ya shiga ɗakinta da sanɗa kamar mai satar kaza. Ya yaye zane, ya sauke kwamfuta ƙasa, ya ja ta kusa da bango. Ya kwanta a gefensa, ya danne madanni da hannun dama, ya matse murfi da na hagu, ya kama kan waya da yatsun ƙafa yana laluben soket. Ya ce wa kansa, "To." Ƙafa ta kuskure. Ya sake cewa, "To." Ƙafa ta cusa, amma hannu ya saki. Hularsa ta gangara ƙarƙashin gado, tumbinsa yana hawa yana sauka.

Yana cikin wannan hali sai labule ya ɗaga. Damaris ce. Ta dube shi daga kai har ƙafar da ke sama.

Ta ce, "Baban Keziya, ɓera kake nema?"

Bai tashi ba, gama bayansa ya riƙe. Daga kwance ya shiga yi mata bayanin lasisi, yadda yake ɗaure, yadda ake sakinsa, da motar ƙauye, da halin dangi. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Ka san ni da jinkiri. Ban gane ba. Sake faɗa."

Ya sake faɗa, dalla-dalla, har da kwatance da akuya da turke. Ta ce har yanzu ba ta gane ba. Ya buɗe baki zai fara na uku, sai ya ga idonta, ya ga ba fushi ne kaɗai a ciki ba. Ya tuna shekarun da ta yi tana durƙusawa wajen soket, da ciwon gwiwa da komai, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ya saki kwamfutar, ya tashi zaune da ƙyar.

Ya ce, "Damaris, na ci mutuncinki don mutane su yi dariya. Ki gafarta mini."

Ta ɗago kai ta dube shi, gama ta daɗe ba ta ji sunanta a bakinsa ba. Sa'an nan ta ce, "Yanzu na fara ganewa. Amma a gaban mutane ka faɗi waccan."

Ashe matan Zumunta sun biyo ta gida don su koyi waƙoƙin bikin Keziya, suna tsakar gida da tulunan kiɗa da caki. Mutumin ya fito ba hula, ƙura a gefen riga, ya tsaya a gabansu ya maimaita abin da ya faɗa a ɗaki. Wata tsohuwa daga baya ta ce kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, har maƙwabtan da ke bayan katanga suka ji. Matan suka rangaɗa guɗa, suka buga tulu.

Sa'an nan su biyu suka koma ɗaki. Ya rungume kwamfuta, ta durƙusa wajen soket, ya ce, "To," ta cusa. Tsohuwar ta yi gunaguninta na kullum, ta ɗauki lokacinta kafin ta farka. Suka zauna a bakin gado suna jira, a ranar kuwa bai ce ta cika jinkiri ba. Da ta buɗe, ya danna inda aka nuna masa, ta saki lasisin ba gardama. Washegari sabuwar ta karɓa, kati ya fito da furanninsa, motar ƙauye ta tafi da shi.

Ga ma'anar misalin nan, ya ku ƙaunatattu. Lasisin nan shi ne salamar da Ubangiji ya ba mu. An riga an biya, ba a kuma ce mu sake saye ba. Sabuwar kwamfuta ita ce duk wani sabon abu da muke gudu zuwa gare shi, ko sabuwar shekara, ko sabon aiki, ko sabon gari, har ma da sabuwar majami'a. Tsohuwar kuwa ita ce wurin da muka ɓata wa wani rai muka wuce, muna cewa zai manta.

Da yawa a cikinmu mun shiga sabon wuri, mun yi addu'a a hankali, mun yi da ƙarfi, mun kashe mun kunna, amma zuciya ta ƙi buɗewa. Laifin ba na sabon wurin ba ne. Salamarmu tana ɗaure a can inda muka bar ɗan'uwa da ciwo. Waɗansu sukan so Allah ya kwance ta daga sama, ba tare da sun taka ƙofar kowa ba, su ce ai maganar ta mutu. Shi kuwa ya san tana da rai, yakan ce mu koma. Waɗansu kuma sukan shiga da sanɗa su gyara abin su kaɗai, da kyauta, ko da wasa, ko da dogon bayani. Amma sulhu hannu uku yake nema, na ukun kuwa yana jikin wanda ka ɓata wa rai. Ba ka da hanyar samunsa sai ka roƙa, in a gaban mutane ka yi laifin kuma, a gabansu za ka gyara.

Saboda haka kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya tambayi kansa a ɗakin wa salamarsa take a rufe da zane. Ya je ya yi sallama a ƙofar, ya kira mai ɗakin da sunansa.

An ce har yau, ko da yake sabuwar kwamfutar da yatsa ɗaya take tashi, mutumin nan ba ya taɓa ta da safe sai matarsa ta zauna a kujerarta, ya dube ta ya ce, "To."