Muryar da Labbo Ya Ji a Ƙarƙashin Kufai

Akwai wani saurayi a Bagudo mai suna Labbo, wanda ya dawo gida a daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, bayan ya daɗe a Ikko, wato Legas. Ya dawo da keke sabo fil, da kyamara rataye a wuya, da ƙafar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ya ga gadar Jabba, ya ga ta Gaya, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarinsu.

Wata rana ya ji ana zancen wani kufai can dab da iyakar Dahome, wadda yanzu ake kira Benin. Gari ne da ya watse tun zamanin yaƙe-yaƙe, amma ganuwarsa na nan tsaye.

Yayansa Ɗanmaliki ya ce, "In ka tahi, ka fara biyawa ƙauyen da ke kusa ka gai da mutane. Ba a shiga kufan mutane ba sallama."

Labbo ya yi dariya. "Yaya, kango ne fa. Wa zan gaisar, ƙadangaru?"

Bai biya ƙauyen ba. Bayan azahar ya isa ƙofar ganuwar, inda wata ƙatuwar tsamiya ta yi rumfa. A wani reshe ya ga jan kallabi ɗaure.

Ya girgiza kai. "Oh! Har yanzu ana yi wa iskoki kyauta a ƙasar nan." Ya kwance kallabin ya cusa a aljihu, don ya nuna wa abokansa na Ikko su sha dariya.

Ciki shiru kamar maƙabarta. Ciyawa har ƙugu, kangaye sun yi baƙi, ko kukan tsuntsu babu. Ya ɗaga kyamara ke nan sai ya ji wata 'yar siririyar murya.

"Wayyo... jama'a..."

Ya waiga gabas, ya waiga yamma. Ba kowa. Muryar ta sake fitowa, sai ya gane daga ƙarƙashin ƙasa take tasowa.

"Mai tahiya... don Allah..."

Ya kama Ayatul Kursiyyu, ya rasa ina ne farkonta. Shi da ya gama yi wa masu camfi dariya, sai ga shi yana keta ciyawa da gudu, yana faɗuwa yana tashi, har ya haye keke.

Ƙauyen da ya raina, nan ya nufa. Hadari ya riga ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ya tarar da maza tsaitsaye, wani mai suna Arzika yana cigiyar matarsa Tasallah, wadda ta fita tsintar kaɗe tun da safe ba ta dawo ba.

Wani manomi ya ce, "Ba ta kufai. Yanzu na biyo ta gindin tsamiya, ba kome rataye. Mu nufi bakin gulbi."

Labbo, yana haki, ya ce, "Me ake ratayewa a tsamiyar?"

Wani dattijo, Malami, ya dube shi. "Baƙo ne kai, samari? Kufan nan cike yake da tsofaffin rijiyoyi, ciyawa ta ruhe bakinsu. Wanda duk za ya shiga sai ya ɗaure wani abu nashi ga tsamiya, in ya hito ya kwance. In munka ga abu ya daɗe rataye, mun san wani ya faɗa. Kuma in anka yi ruwa, cikinsu malalen ruwa ka zuba."

Hannun Labbo na cikin aljihu, ya damƙe kallabin. Ya dubi gatarin da ke kafaɗar Arzika, ya dubi kekensa. In ya yi shiru ya hau, ba wanda zai taɓa sani.

Mutanen suka juya suka nufi gulbi. Ɗigon farko ya sauka a goshinsa.

"Ku tsaya!"

Labbo ya zaro kallabin. "Ni na kwance shi. Kuma na ji muryarta, na gudu."

Arzika ya yi kukan kura ya shaƙe masa wuyan riga. "Kai ɗan wa ne? Mi ta yi maka?"

Malami ya ce, "Sake shi, Arzika! Shi kaɗai ya san inda take. Ku ɗauko igiya."

Kafin su isa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suka yi ta ƙwala kira, tsawa na haɗiye muryoyinsu. Ba amsa. Labbo ya rikice, kangayen duk sun zama iri ɗaya. Can ya hango inda gudunsa ya kwantar da ciyawa, ya bi sawun, har ya ga jan ruwa na kwarara cikin wani rami.

Bakin rijiyar ƙunci gare shi, Arzika kuwa ƙato ne. Labbo ya ɗaura igiyar a ƙugunsa ya ce su zura shi.

Ciki duhu, ga ruwan laka na zubo masa a ka. Ya laluba har ya taɓa fuskar mutum. Ruwa ya kai mata haɓa, ta ɗaga kai sama tana shaƙar numfashi da kyar. Ya ɗaura mata igiyar aka ja ta, shi ya tsaya cikin ruwan yana salati har igiyar ta dawo.

An fito da Tasallah da rai, amma ƙafarta ta karye, kuma da ɗingishi ta ƙare rayuwarta. Tana kwance kan ciyawa tana makyarkyata, ta ƙura wa takalman Labbo ido.

"Kai ne mai taku ɗazu? Na ji ka bisa kaina. Na kira ka."

Labbo ya durƙusa cikin taɓo. "Inna, ki gafarce ni. Wallahi na zaci aljana ce."

Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ni ko da aljani na zace ka, sai da na roƙe ka."

Darasi: In ka je ganin wurin mutane, fara ganin mutanen. Abin da ka tarar a ƙasar da ba ka sani ba, kada ka taɓa shi sai ka tambaya, domin abin da kake yi wa dariya wataƙila ran wani ne rataye a jikinsa. Ku tura wa 'yan'uwa masu son yawon buɗe ido, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi sallama.