Fuskar Iya Kande a Bango

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan, don labarin da zan ba ku yana da shari'a a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalan. Wanda bai saurara ba, kada ya buɗe mana baki in an zo gardama.

A Zariya akwai wani mutum, Barau, mai ba da hayar kujeru da rumfuna. Zuciyarsa a kusa take, irin mutumin da in ka taka masa ƙafa sai duk unguwa ta ji. Wuri ɗaya ne yake da laushi, wato wajen mahaifiyarsa, Iya Kande. Tsufa ya taɓa mata tunani, har ta kai tana kiran Barau da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa. Wata safiya ta yafa mayafinta ta ce za ta je gaida babanta. Mutanen gida suka yi dariya don ta saba faɗin haka, kowa ya koma kan aikinsa. Da aka kai mata koko, sai aka tarar da ɗaki wayam.

Babu inda Barau bai taka ba. Ya bi asibitoci, ya bi ofisoshin 'yan sanda, ya kai cigiya gidan rediyo. Ko'ina ya je tambayar ɗaya ce, ina hotonta? Shi kuwa ba shi da shi. Iya Kande tun tana da ƙuruciya ta ƙi yarda a ɗauke ta hoto. Cewa take yi fuskarta ba ta kallon jama'a ba ce, ko a biki ta hango mai hoto sai ta ja mayafi ta rufe. Saboda haka Barau da baki yake kwatance, tsohuwa ce gajeriya mai tsaga, wanda kuwa rabin tsofaffin ƙasar nan haka suke. Da abin ya ishe shi, sai ya miƙe a ƙofar masallaci bayan la'asar, a gaban liman da maƙwabta, ya rantse cewa duk wanda ya nuna masa inda uwarsa take, ya ba shi shagonta halak malak. Shagon kuwa shi ne ɗan ɗakin da ke jikin zauren gidansa, inda take sayar da kuka da daddawa, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya da haske ke shigowa tun hantsi. Damina ta wuce, aka yi kaka, shiru kake ji.

Ana nan sai wasu matasa masu zane suka haɗu suka shirya baje-kolin ayyukansu a wani babban ɗaki, suka ɗauki hayar kujeru a wajen Barau. Yara ne masu tasowa, kowa da hannunsa. Akwai masu zanen littattafan yara, kura da zomo sanye da riguna. Akwai mai zanen barkwanci da ke ba manya tumbi da ƙaramin kai. Wata da lalle da shuni take aiki, wasu kuma a na'ura suke yi su bugo a takarda. Barau dai duk abin bai dame shi ba, a ganinsa aikin marasa aikin yi ne. Ranar da ya kamata a mayar masa da kujeru ba a mayar ba, ya zo da kansa yana huci, aka ce masa baƙi na zaune a kai. Ya ture mai tsaron ƙofa ya kutsa ciki, yana shirin zazzage musu abin da ke bakinsa.

Bai kai ga kujerun ba. A bangon da ke kallon ƙofa, inda duk mai shigowa zai fara kai ido, ga uwarsa zaune. Ga billen da ya ratsa kumatunta na hagu, ga tsagar 'yar baka, ga kunnen da ɗan kunne ya yaga tun Barau yana goye. Zanen da ta ɗaura duk ya yayyage, ƙafarta ba takalmi. Wasu mutum biyu na tsaye a gabanta da kofunan zoɓo, suna yaba yadda tamojin fuskar ya fito. A ƙarƙashin hoton kuma an rubuta sunan da aka raɗa masa da manyan baƙaƙe: Marar Kowa.

Matar da ta ƙi hoto duk tsawon ranta, yau ga ta a bango cikin tsumma ana shan zoɓo a kanta. Barau ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya daka tsawar da ta sa ɗakin ya yi tsit.

“Wane marar mutuncin ne ya rataye mini uwa a nan? Ya fito in gan shi.”

Mutum uku suka fito, don hoton ba na mutum ɗaya ba ne. Shi ya sa ma babu sa hannun kowa a jikinsa, sun kasa daidaitawa a kan sunan da za a sa. Abokai ne da ke aiki a matse a zauren wani, suna karɓa-karɓa da teburi ɗaya. Barau ya tsare su da ido, kowa ya faɗi abin da ya yi.

Na farko Tanimu, mai zane da gawayi. Shi a tashoshin mota yake yawo, yana zana fuskokin mutane kafin mota ta cika. Yana da ƙa'ida da malaminsa ya koya masa, cewa kada ka yi magana da wanda kake zanawa, don da zarar mutum ya san ana kallonsa sai ya canja fuska. Haka ya ga tsohuwar a zaune ita kaɗai, ya raɓe bayan wata mota ya zana ta, aka kira fasinja ya shige ya tafi. Bai gaishe ta ba, bai tambayi daga ina take ba. Da Barau ya ce wace tasha ce, sai ya sosa ƙeya ya ce tashoshin da yawa, ya manta. Amma in ban da idonsa da saurin hannunsa, da babu fuskar Iya Kande a kan wata takarda a duniya.

Ta biyu Hurera, mai aiki da siririn alƙalami, wadda kan yini a kan ido ɗaya. Gawayi ba ya zama, takardar Tanimu ta gogu a jaka har fuskar ta dusashe, ya jefa ta cikin tarin da za a kunna wuta da shi. Hurera ce ta tsamo ta. Ita jikar wanzami ce, ta tashi tana ganin tsaga iri-iri, don haka da ta ga ɗan duhu-duhu a kumatun ta gane ba datti ba ne. Ta bi sawun gawayin a hankali ta mayar da bille da 'yar baka da yagaggen kunne, kowanne a mazauninsa. Ta yi haka ba da izinin Tanimu ba, abin da masu zane ke ɗauka kamar shiga gonar wani. Kuma da bakinta ta amsa cewa zanen jikin tsohuwar bai yage haka ba, ita ce ta ƙara masa yaga, ta cire mata takalmi, don masu kallo su fi jin tausayi. Amma in ban da ita, da Barau ya wuce ta gaban hoton bai san uwarsa ba ce.

Na uku Mudi, wanda ba ya zana mutane sai wurare, da launi. A bayan kan tsohuwar, Tanimu ya ja wasu layuka marasa kan gado. Mudi ya dube su ya ce ai wannan tankin ruwa ne da ya karkace, wannan kuma tsamiya ce mai reshe ɗaya, ya san wurin, wata ƙaramar tasha ce a hanyar Funtuwa. Ya cike bayan hoton da launi har wurin ya fito sarai. Da masu shirya baje-kolin suka ce bango ya cika, shi ne ya sauke nasa aikin da ya daɗe yana wahala a kai, ya rataye wannan a gurbinsa. Kuma shi ne ya zauna ya ƙago sunan nan, Marar Kowa, yana jin daɗin yadda ya zauna daram. Amma in ban da shi, da hoton bai hau bango ba, da kuma babu wanda ya san hanyar da za a bi.

Barau bai tsaya jin ƙarshen bayani ba. Ya fizge hoton daga bango, ya tasa Mudi gaba har cikin motar da yake ɗaukar kujeru, sauran biyun suka ɗare baya. Da suka isa, ga tanki a karkace, ga tsamiya, ga Iya Kande a gindinta tana tsince tsakuwa daga cikin shinkafar wata mai abinci da ta riƙe ta duk watannin nan. Ta rame, amma da ranta, kuma da takalminta a ƙafa. Ta ɗaga kai ta kira shi da sunan ƙaninta, ta ce me ya sa ya daɗe. Barau, wanda unguwa ke tsoron bakinsa, ya durƙusa a cikin ƙasa yana kuka kamar yaron goye.

Na ga wasunku sun fara motsa baki, za ku ce a ba mai abincin shagon. Ku kwantar da hankalinku, Barau ya riga ku. Ya yi mata tayi, ta ce ita da mijinta da 'ya'yanta a nan suke, me za ta yi da shago a Zariya, don Allah ta yi. Ya yi mata alherin da ya iya, wannan maganar ta wuce.

Saura rantsuwa. Liman ya tuna masa cewa magana zarar bunu ce, ya furta a gaban jama'a, dole ya cika. Barau ya ce to su ukun su haɗu su riƙe shagon. Ashe tun a hanyar dawowa abota ta watse. Tanimu ya ce Hurera ta yi masa kutse a aiki, kuma shi ne ya ga tsohuwar da idonsa. Hurera ta ce abin da ya jefar don a ƙone ba nasa ba ne kuma, ita ta mayar da shara ta zama mutum. Mudi ya ce rantsuwar a kan wanda ya nuna wuri aka yi ta, su biyun kuwa ko gabas da yamman tashar ba su sani ba. Kowannensu ya ce gara ya rasa da ya haɗa teburi da sauran. Ku ji fa, mutanen da ko tabarma ba su mallaka ba.

Shi kuwa Barau makullin na aljihunsa yana ƙona shi. In ya tuna Tanimu, sai ya ga ƙato ya laɓe yana kallon tsohuwa a yashe kamar mai kallon tsuntsu, ya kasa ce mata ko sannu, alhali da ya yi mata tambaya ɗaya wataƙila da tun kafin kaka tana gida. In ya tuna Hurera, sai ya ga mace ta tuɓe wa uwarsa takalmi da alƙalami, ta yayyaga mata sutura don a tafa mata. In ya tuna Mudi, sai sunan nan ya faɗo masa a rai, ga shi kuma ya san tashar sarai, ya zana ta, bai taɓa cewa bari in je in duba ko baiwar Allah tana nan ba. Dukansu sun san akwai tsohuwa a zaune a wani wuri, dukansu hoton ya fi damunsu da ita. Ni ma da nake ba ku labarin, raina a ɓace yake da su. Sai dai Barau ya sani, kamar yadda na sani, cewa shi da duk son da yake wa uwarsa bai samo ta ba, waɗannan ukun da ba su damu da ita ba su suka samo ta.

Ya kira su zaurensa don a yi ta ta ƙare. Suka zauna nesa da juna, kowa ya kau da kai, hoton na jingine da bango. Sai ga Iya Kande ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya a gaban hoton ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo wajen ɗanta.

“Wannan baiwar Allah fa, ba ta da 'ya'ya ne, aka bar ta haka?”

Ta cire mayafinta ta lulluɓe hoton da shi, ta ce a rufa mata asiri, ta koma ciki.

Barau ya zaro makullin, ya dubi Tanimu, ya dubi Hurera, ya dubi Mudi. Rantsuwa na kansa, shago ɗaya ne, kuma a cikinsu babu wanda bai cuci uwarsa ba, babu kuma wanda za a cire a ce da an same ta.

To, ku da kuka saurara, wanda ya gan ta, ko wadda ta mayar mata da kamanninta, ko wanda ya san inda take, a tafin hannun wa Barau zai ajiye makullin nan?