Namijin Dabinon Mantau

A zamanin da, can inda yashi ya fi ƙasar noma yawa, an yi wani ɗan gari a bakin dausayi. Ba ya gero, ba ya auduga. Abin da Allah ya ba shi ruwa ne da dabino. In ayari ya taso da gishiri da kanwa, nan yake yada zango, raƙuma su sha, fatake su bar hatsi su ɗauki dabino. Da haka garin ya yi ta kumbura, har baƙi suka ce su ma nan za su zauna.

To, mai zama sai da ɗaki, ɗaki sai da azara, kuma a ƙasar nan babu icen da ya isa azara in ba dabino ba. Abin ya dami Sarki. Ya tara fadawa ya ce, "In na hana saran dabino, baƙi su tashi. In na bari, mu ci yashi. Waziri, ina mafita?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ba ka nasara, a yi shela. Wanda ya sari dabino mai 'ya'ya, a bakin hannunsa. Wanda ba ya 'ya'ya kuwa, mai shi ya yi yadda ya so da abinsa."

Fadawa suka ɗauka, "Hikima sai Waziri!"

Kada wani ya ce mutanen garin jahilai ne. Ko yaro ya san namijin dabino ba ya 'ya'ya, ya kuma san in ba a tsinko furensa an ɗaura wa mace ba, ita ma ba ta yin na kirki. Sun sani sarai. Sai dai kowa ya leƙa na maƙwabcinsa ya ce ai wancan ya ishe mu, ya sare nasa ya sayar.

Akwai wani manomin dabino, Mantau, mai namiji ɗaya tal da ya gada wurin ubansa. Rufin ɗakinsa ya rufta, da tabarmi ya tare rana. Matarsa Tabawa kullum tana masa mita. "Malam, azara na tsaye a bayan gida, mu muna kwana yashi na zubo mana a ido? Baƙon jiya ma ya yi soro!"

Ya ce, "Soron za ki tauna baɗi?"

Maƙwabcinsa Agali, wanda ya sayar da nasa uku, ya leƙo ta katanga yana dariya. "Mantau, riƙe shi da kyau, don Allah. Dama naka na lissafa da na sare nawa."

Waziri ma ya aiko, zai ba da raƙumi a kan icen, yana gina sabon zaure. Mantau ya ce a gaida Waziri, icen ba na sayarwa ba ne.

Da lokacin fure ya zo, aka zaga dausayin kaf, namiji ɗaya ne a tsaye. Ice ɗaya ina zai wadatar da gari? Aka yi ta doke-doke a gindinsa, har aka karya wa Mantau haƙarƙari. Shekarar nan dabino ya fito ƙanana, ba nama, ya kakkaɓe tun yana ɗanye. Madugu ya zo da ayarinsa, ya shayar da raƙuma, ya dubi kasuwa wayam, ya wuce da hatsinsa. Yunwa ta shiga sababbin soraye kamar yadda ta shiga bukkoki.

Sarki ya sa aka kira Mantau. Ya zo yana dafe da kwiɓi, a ransa yana cewa yau dai za a san wanda ya yi haƙuri.

Sarki ya ce, "Waziri, wa ya kashe mini gari?"

"Allah ya ja zamaninka, ba wanda ya karya doka. Ba a sari mai 'ya'ya ko ɗaya ba. Haɗarin da ya rage shi ne wannan bawan Allah. Ran gari duka yana hannun mutum ɗaya, ga shi matalauci, ɗakinsa ba rufi. In ya tashi gobe da gatari fa?"

Mantau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne fa ban sare ba. Raƙumi aka ba ni na ƙi, Waziri ya san wanda ya bayar."

Waziri ya yi murmushi. "Gwada shi na yi."

Sarki ya jinjina kai ya yanke hukunci. Daga yau ba a saran namiji. Kowane gida ya dasa ɗaya. Icen Mantau kuwa ya zama na fada, a sa dogarai, a raba fure da adalci. Aka ba Mantau riga, aka yi masa addu'a.

Gaskiya, da sababbin itatuwan suka girma, gari ya farfaɗo. Ayari ya dawo, kasuwa ta cika, maroƙa suka yi ta wasa Waziri.

Amma tun kafin nan, da fure ya sake fitowa, Mantau ya ɗaura igiya a ƙugu zai hau icen ubansa, don matan dabinonsa sun buɗe, kuma fure ba ya jiran kowa. Dogari ya gitta masa sanda.

"Baba, ina zuwa? Bi layi."

"Yaro, a bayan gidana yake."

"Na Sarki ne. Masu yawan dabino ake fara ba."

Mantau ya duba. Bayin Waziri ne a gaba da kwanduna, sai fatake, sai Agali. Ya kwance igiyarsa ya koma ƙarshe ya tsaya cikin rana.

Agali ya waiwayo ya ce, "Kada ka damu, maƙwabci. In nawa ya ragu, zan sam maka."