Kassoum da Tukuicin Masu Jirgi

Akwai wani mutum a Zongon Kutonu mai suna Kassoum, a shekarar da aka yi zaɓen farko bayan babban taron ƙasa da kowa ke kira konferans. Kassoum bai je taron ba, a rediyo ya saurara kamar kowa. Amma in ka ji shi yana bayani a ƙofar masallaci, sai ka rantse shi ya riƙe wa wakilai alƙalami.

Sana'arsa fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. Yana da ɗan biro, wato ofis, kusa da unguwar Jonquet: tebur ɗaya, kujera biyu, da fankar da ke juyawa in ta ga dama. A gaskiya ya sha wuya a shekarun baya, lokacin da takarda ba ta motsi sai an sa mata wani abu a ƙasa. Shi ya sa da zamani ya canza, ya ɗauki kalma ɗaya ya rataya a baki. Ko mai shayi ya ce masa, "Ba ɗan goro yau?" sai ya ɗaga yatsa, ya karkata kai, ya ce, "Non, non, non. Se fini, an gama! Yanzu komai a takarda."

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Alhaji Munzali na Maraɗi, mai manyan motocin dakon kaya, zai sauka Kutonu neman wakili da zai riƙe masa kaya da direbobi. Duk wanda ya samu wannan wakilci ya bar zaman jiran ciniki. Kassoum ya bincika, ya gano cewa Alhaji mutumin tudu ne amma ruwa na burge shi, ba abin da yake so irin ya zauna cikin jirgi da fatsa a hannu.

Ya ce wa matarsa Latifatou, "Sauran za su kai shi otal su cika shi da kaji. Ni tafkin Nokoué zan kai shi. Da kifi zan kama shi."

Ta ce, "To Baban Safwana, kai da ko a bokiti ba ka taɓa kama kifi ba?"

Ya ce shi ya sa zai je gwaji tukuna.

Ranar Alhamis ya hau zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa bakin ruwa, bayan kasuwar Dantokpa. Ya yi ciniki da mai jirgi, ya biya, ya kuma nace sai an rubuta masa resi, wato takardar shaidar biya. Mai jirgin ba ya shiga ruwa, mutum biyu ke yi masa aiki. Ɗaya Baba Ousseini, dattijo ɗan Malanville da ya daɗe a Zongo, shi ke riƙe inji da gwangwalar tura jirgi. Ɗayan Dossou, magidanci haifaffen kan tafkin, wanda in ya dubi ruwa yake sanin abin da ke ƙasa.

Ranar ta yi kyau. Dossou ya kai su gefen wata akaja, wato rassan itatuwa da masunta ke kafawa cikin ruwa don kifi ya taru ya yi ƙiba. Mai akajar yana cikin ɗan kwale-kwalensa, suka gaisa da Dossou da yarensu, ya yi musu nuni da hannu su jefa. Dossou ya sa wa Kassoum tana a ƙugiya, ya warware masa zare sau bakwai, ya cire masa ƙugiya daga hular kansa sau ɗaya. Kafin azahar karfasa goma sha ɗaya na tsalle a cikin jirgi.

Da suka dawo gaɓa, Dossou ya wanke kifin, ya jera a kwando, ya ɗora masa. Sannan su biyun suka tsaya shiru, irin tsayuwar da kowa a bakin ruwa ya san ma'anarta.

Kassoum ya dube su. "Lafiya?"

Baba Ousseini ya yi murmushi. "Lafiya lau, ɗana. Ai al'adar ruwa ce. Wanda aka kai aka dawo da shi yakan sa wa masu aiki albarka a hannu."

Yatsa ya tashi, kai ya karkata. "Non, non, non, Baba. Irin wannan ne ya kashe ƙasar nan. Ga resi. Na biya jirgi, na biya esansi, man da injin ya sha. Se fini!"

"Abin da ka biya na mai jirgi ne. Mu..."

"Ku yi sandika, ku haɗa ƙungiya ku kai ƙara. Yanzu dimokuraɗiyya ce."

Dossou ba ya jin Hausa sosai, amma ya ji yatsa. Ya ɗauki hularsa ya wuce. Baba Ousseini ya ce, "Allah Ya ba mu alheri," ya koma kwashe ruwa daga jirgi.

A gida Latifatou tana fere kifi tana jin labari. Da ya kai ƙarshe ta ajiye wuƙa.

"Baban Safwana, wanda ya tare maka hanya ya ce sai ka ba shi, wannan daban. Wanda ya gama yi maka aiki har da cire maka ƙugiya a hula, wannan daban. Ka koma gobe da ɗan abu a hannu."

Ya ce, "Ke ba ki saurari konferans ba."

Ta ce, "Ina daka a lokacin. Amma ban ji an ce sun hana godiya ba."

Bai koma ba.

Ranar Asabar ta sama Alhaji Munzali ya iso bakin ruwa cikin farar shadda, da fatsarsa ta musamman a cikin jaka. Mutum ne mai sanyin magana, mai yawan kallo. Kassoum ya sha kwat a cikin zafin nan, yana gaba yana bayani. Jirgi na nan, Baba Ousseini na nan, amma Dossou babu.

"Ina ɗayan?" in ji Kassoum.

"Wasu baƙi sun nemi shi da suna, ya bi su," in ji Baba Ousseini. "Ni kuwa mai jirgi ya ce in kai ku, zan kai ku."

Suka kama hanya. Kassoum ya ce a nufi wurin ranar nan. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana, Kassoum ya ce, "Baba, wurin ranar nan na ce."

Suna matsowa gefen akajar sai mai ita ya miƙe tsaye cikin kwale-kwalensa, yana kaɗa hannu, yana zuba magana da ƙarfi. Ba sai an fassara ba. Baba Ousseini ya ba shi haƙuri, ya juya jirgi. Akaja ta biyu ma haka, don labari a kan ruwa ya fi inji gudu.

Suka koma tsakiyar tafki inda ba na kowa ba. Awa biyu suna zaune, rana na dukan ƙeya, ba ko motsin zare. Abin da Alhaji ya kama shi ne tsohon silifa, ƙafar hagu. Kassoum ya ce a matsa gaba, ya nuna da hannu kamar wanda ya sani. Ba Dossou a goshin jirgi da zai ga launin ruwa ya canza, sai ji suka yi jirgi ya zauna cikin laka, zama na mai gida.

Baba Ousseini ya naɗe wando ya sauka, laka har cinya, yana tura jirgi shi kaɗai da mutum biyu a ciki. Alhaji ya dube shi, ya dubi Kassoum da ke riƙe da resi yana fifita da shi.

"Baba," in ji Alhaji, "me mutumin can yake cewa ɗazu?"

"Maganar ruwa ce kawai, Alhaji."

"Ina son maganar ruwa. Faɗa mini."

Dattijon ya numfasa, ya dafa gefen jirgi. "Abin da baƙo ya sa mana a hannu kashi uku muke yi. Nawa, na Dossou, da na mai akajar da ya bari aka jefa ƙugiya a gefen gonarsa. Itacen nan saya yake yi, ya kafa da hannunsa. Ranar Alhamis an ɗebi kifinsa goma sha ɗaya, muka koma masa hannu rabbana. Na ba shi daga aljihuna abin da ya samu, bai kai ba. Shi ne yake tambaya ko mun dawo ƙarasa sauran."

Kassoum ya yi tari. "Alhaji, ka gane, prensip ne, ƙa'ida ce. Ni ba na ba da..." Yatsan ya fara tashi, ya kai rabi, ya koma da kansa.

Alhaji ya miƙe. Ya cire babbar riga, ya naɗe ta, ya sauka cikin laka kusa da dattijon. Ganin haka Kassoum ma ya faɗa, da kwat da takalmin fata. Su uku suka tura har jirgi ya tashi.

A gaɓa, bayan sun wanke ƙafa, Alhaji ya ja Baba Ousseini gefe, ya damƙa masa wani abu da hannu biyu, a rufe, ba wanda ya ga ko nawa ne. Ya ce a kai wa mai akaja nasa tare da ban haƙuri, a ajiye wa Dossou nasa. Sannan ya juyo.

"Malam Kassoum, na gode da yawo. Takardunka na duba, ba su da aibi, kuma na yarda ba za ka ci mini ko dala ba. Amma direbobina sukan kwana huɗu a ƙofar tasha suna jiran kaya. Masu lodi sukan yi mini aiki cikin ruwan sama. Ba a rubuta wannan a resi. In na ba ka su, wata ɗaya za su watse, in bar motoci zaune cikin laka kamar jirgin nan."

"Alhaji, a ba ni dama..."

"An ba ka ranar Alhamis."

Ya juya ga dattijon. "Baba, cikin 'yan Zongo masu fitar da kaya, wa kuke murna in kun hango shi yana saukowa bakin ruwa?"

Baba Ousseini ya sunkuyar da kai, don ba ya son ƙara wa mai ciwo gishiri. Sai da Alhaji ya sake tambaya ya ce akwai wani Abdulwahid, ba shi da fanka ma a bironsa, amma ko buhu ɗaya aka tsallaka masa da shi sai ya tambayi sunan wanda ya ɗauka.

Alhaji ya ce a kai shi wurinsa bayan la'asar.

Kassoum ya tsaya a gaɓa, laka na bushewa a jikin kwat. Mai zemijan na farko ya dube shi sama da ƙasa ya wuce, na biyu ma haka. Da ƙafa ya koma Zongo.

Darasi: Wanda ya tare hanya ya karɓa, ya ci haram. Wanda ya yi maka aiki da guminsa ka sa masa albarka a hannu, ka biya hakkin zumunci ne. Kada tsoron na farko ya sa ka danne na biyu. In ka ɗauki hayar jirgi ko mota, ka tambaya wa kuɗin haya ke zuwa, ka kuma tuna da hannun da ya kai ka ya dawo da kai, ka ba shi a rufe, da fara'a. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wannan abokin naku da hannunsa ke manta hanyar aljihu in an iso gaɓa.